'Yata ta gayyace ni tafiyar ƙafa a kwarin Mozel da kaka, ina neman shawara

Tsohon Malamin Gona, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum jama'a. Da fatan an tashi lafiya, ya ruwa, ya iyali.

Shekaruna 62. Na yi aikin malamin gona shekara 33, yawanci tsakanin ƙasar Zazzau da kudancin Kaduna, kafin in ajiye aiki. 'Yata ta biyu tana aikin jinya a Koblenz, can Jamus, kuma rabon da in sa ta a ido shekara uku ke nan, sai dai ta waya. Ta aiko da takardar gayyata, Allah ya sa an ba ni biza, in sha Allahu mako na biyu na Oktoba zan tashi daga Abuja.

Ta ɗauki hutun kwana shida. Ta ce huɗu daga ciki a ƙafa za mu yi su, mu bi kogin Mozel daga wannan gari zuwa wancan. Ta ce ba za ta ɓata mini lokaci a kantuna ba, ta san halin ubanta, gona yake son gani. Kuma gaskiyarta. Hotunan da ta turo sun hana ni barci. Gonakin inabi ne a jikin dutse, a miƙe kamar bango, tun daga bakin ruwa har can sama, ganye ya koma ruwan ɗorawa. Ni da na ƙare rayuwata ina hana manoma yin kunya a gangare saboda zaizayar ƙasa, sai ga mutane suna noma inda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau. Ina so in taka wurin nan da ƙafata, in damƙi ƙasarsa a hannu, in ga abin da ke riƙe da ita.

To, ga inda gizo ke saƙar. Da Hajiya ta ga hotunan sai ta ce, "Malam, wannan inabin fa duk na giya ne. Me zai kai dattijo da furfurarsa, wanda ya je ɗakin Allah, yawo cikin gonar giya?" Ban iya ba ta amsa ba, don maganar ta shige ni. Ba na so in je in faranta wa 'yata, in dawo da nauyi a zuciya.

Sannan ga gwiwata ta hagu. Kullum bayan sallar asuba nakan zaga Murtala Square na kusan awa guda, amma wannan fili ne shimfiɗaɗɗe. Idan na hau bene hawa biyu takan yi mini magana. Sai kuma sanyi da abinci. Wanda ya san wurin, ko ya san hukuncin, don Allah ya taimaka mini.

Ɗalibi a Tiriya, ɗan Tudun Wada

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Shekarata huɗu ina karatu a Tiriya, garin da ke bakin wannan kogin, kuma na taka wurare da dama a kwarin. Maganar hukunci na bar wa malamai, ni ta hanya zan yi.

Kogin daga duwatsun Faransa ya taso, ya bi iyakar Luksambok, ya shigo Jamus, ya faɗa cikin kogin Rayin a Koblenz ɗin da Yaya take. Tsawonsa ya kai kilomita 545. Har ma bizar da ke cikin fasfonka, sunanta na wani ƙauye ne da ke bakin wannan ruwan, Schengen, inda aka sa hannu a yarjejeniyar cikin jirgin ruwa a 1985. Akwai doguwar hanyar masu tafiyar ƙafa da ake kira Moselsteig, kilomita 365, an raba ta zango 24, daga Perl zuwa Koblenz. Ina kyautata zaton ita Yaya take nufi. Amma Baba, a sani, wannan hanyar ba bakin ruwa take bi ba. Hawa take yi kan tudu, ta gangaro gari, ta sake hawa. Kuma mai ciwon gwiwa gangarowa ce ke ba shi wuya fiye da hawa.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne jirgin ƙasa. Layin da ya tashi daga Koblenz yana bin kogin ta Winningen, Moselkern, Cochem, har Bullay. Ke nan ba dole ba ne ku riƙa yawo da kaya a baya. Ku kama ɗaki ɗaya a Cochem, wanda ke da kicin, kullum da safe ku shiga jirgi zuwa inda za ku fara, da yamma ku dawo. Ranar da gwiwa ta ƙi, akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya a bakin ruwa, ta masu keke da masu ƙafa. Daga Cochem zuwa wani ɗan ƙauye mai suna Beilstein kusan kilomita 10 ne ta nan, ku dawo a jirgin ruwa. Jirgin zai ratsa wata madatsa, a rufe ƙofa, ruwa ya sauka da shi, a buɗe ta gaba. Tun 1964 aka gyara kogin haka don manyan jiragen dakon kaya.

Wurin da za a nuna maka a kowane hoto shi ne Calmont, tsakanin Bremm da Ediger-Eller. Shi ake kira gonar inabi mafi miƙewa a Turai, gangarenta ya kai digiri 65 a wasu wurare. Akwai siririyar hanya da ta ratsa tsakiyarta, da tsani na ƙarfe da igiyoyin ƙarfe da ake riƙewa. Baba, don Allah kada ka bi ta, ko da Yaya ta ce za ka iya. Ni mai shekara 27 sai da ƙafata ta yi rawa a kan tsanin, ga kogi can ƙasa. Ka tsaya a gindin dutsen ta wajen Bremm, ko ka tsallaka ɗaya gaɓar inda kangon wani tsohon gidan ibada yake, za ka ga gonar gaba ɗaya kamar an rataye tabarma.

Tambayarka ta me ke riƙe da ƙasar, ni ma na yi wa wani tsoho ita. Kusan babu ƙasa irin wadda muka sani. Dutse ne mai ɓarewa falle-falle kamar allo, baƙi-baƙi, wani wurin ja. Ruwan sama ratsa shi yake ya shige, saiwar inabin ta bi tsaga ta nutse can ƙasa. Sun kuma yi katangun dutse hawa-hawa, ba siminti. Duk da haka yana zamewa, kuma a da a kwando suke goyo su mayar da abin da ya gangaro sama. Dalilin shan wannan wahalar kuwa rana ce. Kaduna tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, nan kuwa digiri 50, rana a karkace take zuwa. Gangaren da ya fuskanci kudu shi ke tare ta sosai, dutsen ya sha zafi da rana ya sake shi da dare, kogin ma ya mayar da haske. Shi ya sa za ka ga ɓangare ɗaya gona, ɗaya ɓangaren daji. Za ka kuma ga wani siririn dogo guda ɗaya da ya hau dutsen, da ɗan inji mai kujera, shi ke kai mutum da kaya sama.

Sanyi kuwa, a Oktoba da safe yakan sauka wajen digiri 5, da rana ya kai 14 ko 15. Ya fi hunturun Kaduna ratsa jiki saboda da laima yake zuwa. Hazo kan kwanta a kan kogin har hantsi. Riga uku marasa nauyi sun fi babbar riga ɗaya, don idan ka fara hawa za ka yi gumi. A saman su rigar ruwa. Takalmi mai haƙora a ƙasa, don dutsen nan idan ya jiƙe santsinsa ya fi sabulu. Sandunan tafiya guda biyu, Yaya za ta samo maka. A tsakiyar Oktoba, rana kan fito kusan ƙarfe 8 saura, ta faɗi wajen 6:40. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan lokacinsu ya zama daidai da na Najeriya, magariba kuma ta dawo biyar da 'yan mintuna. Alƙibla kudu maso gabas take. Akwai masallatai a Koblenz da Tiriya, amma a ƙauyuka sai dai ka shimfiɗa sallaya a gefen hanya, kuma ban taɓa samun wanda ya tanka mini ba.

Malam na Kawo

Alhaji, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, matar da ke kishin addinin mijinta abin riƙewa ce.

Inabi halittar Allah ne. A Suratul An'am, aya ta 99, Allah ya ambaci gonakin inabi da zaitun da rumman, ya ce mu dubi 'ya'yansu idan sun fito da kuma nunarsu. Bin hanya ta jama'a kana kallon shuka da kogi da hikimar noma, ban ga laifi a ciki ba, ballantana ga ziyarar 'ya da ta yi shekara uku ba ta ga mahaifinta ba. Abin da aka tsananta a kai shi ne hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayarwa, da mai shayarwa. Sai kuma hanin zama a teburin da ake zagayawa da ita.

Don haka ka kiyaye hannunka. Za ka je lokacin girbi ne, kai kuma manomi ne, na san zuciyarka za ta so ka karɓi almakashi ka taya su ko da minti biyar. Kada ka yi, don ka san inda wannan inabin za shi. Kada kuma ka karɓi saƙon kwalba don wani. Abinci ku dafa a masaukinku ko ku ci a sarari bakin ruwa. In an ce ana bikin giya a wani gari ranar, ku sauya hanya. Kana da sauƙin matafiyi na ƙasaru da haɗa salla. Ka zauna da Hajiya ka yi mata bayanin nan a tsanake, kada ka tafi ranta bai kwanta ba. Allah shi ne mafi sani.

Abu Ammar, Rigasa

Da girmamawa ga Malam, ni dai Baba da za ka ji tawa, da ka bar wannan tafiyar kwarin. An ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto zuwa wanda ba ya sa ka. Kai da bakinka ka ce maganar Hajiya ta shige ka. Kuɗin masaukin da za ku biya, a ƙauyukan nan sau da yawa masu gidan su ne masu matsar inabin. Jamus ba ta rasa dazuzzuka da duwatsu inda ba ruwansu da wannan sana'ar. Ka je ka ga 'yarka, ku yi tafiyarku a wani wuri. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba, wallahi.

Hajiya ta Barnawa

Alhaji, barka da arziki, Allah ya kai ka lafiya. Ni na je, shekara biyu da suka wuce, lokacin da surukata ta haihu. Shekaruna 58 a lokacin, kuma ni ma ba gwiwar kirki gare ni ba. Abu ɗaya nake so in ja kunnenka a kai, don ni ya kusa cin ni.

Da kaka, a bakin hanya za ka ga tebura da kwalabe, cikinsu wani abu fari-fari mai duhu kamar kunun zaƙi da aka tsinka. Sunansa Federweisser. Ƙamshinsa na ruwan inabi ne, yara ma za su ɗauka lemo ne. Mun gaji, ƙishi ya kama ni, ɗana ya tsaya ɗaure wa jaririya zani, na nuna kwalbar na miƙa kuɗi. Matar da ke sayarwa ta dubi mayafina, ta riƙe kwalbar ba ta sake ba, ta yi ta girgiza kai tana faɗin wata kalma. Sai da ɗana ya iso ya ce, "Umma, giya ce sabuwa, tana kan tsima." Jikina ya yi sanyi. Matar nan ta shiga ciki ta fito da wata kwalbar, ta nuna mini rubutun, Traubensaft, wato ruwan inabi zalla da bai tsima ba. Har yau ina yi mata addu'ar shiriya. Da ta so, da ta karɓi kuɗina ta yi shiru. Ka rubuta sunayen nan biyu a takarda ka sa a aljihu.

Tare da wannan abin suke cin wata wainar albasa, Zwiebelkuchen. Ido zai ce maka albasa ce da ƙwai, amma akwai gutsattsarin naman alade a ciki. Miya ma wani lokaci da giya suke haɗa ta, har kifi. Mu burodi da cuku da dafaffen ƙwai da tuffa muke ɗauka, da shayi a fulas. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke, ku yi cefane tun Asabar. Kuma kada Hajiya ta sa maka kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, an hana shiga da nama da kayan madara, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba gonar inabi ba ce ma. Ku sauka a tashar Moselkern, ku bi wani ɗan rafi cikin daji, kusan kilomita 5. Ganye yana zuba, ja da rawaya da ruwan ƙasa, ƙafa tana nutsewa a ciki, ba ka jin komai sai ruwa. Ni da na saba kaka ita ce a ga dawa ta sunkuya, ana kakkaɓe gyaɗa, ban taɓa sanin itace kan canja launi haka kafin ya tuɓe ba. Kwatsam sai ga wani gidan sarauta a kan dutse tsakiyar kwari, Burg Eltz. Gida ɗaya ke riƙe da shi sama da shekara 850, ba a taɓa rushe shi da yaƙi ba. Wanda ya taɓa zuwa Kajuru ya ga ginin da Bajamushen nan ya yi a kan dutse, a nan zai gane abin da mutumin yake kewa. Farkon Nuwamba suke rufewa, kai ka dace. Matakalar ƙarshe tana da wuya, na zauna sau biyu kafin in kai, ɗana yana riƙe da hannuna. Tun yana firamare rabon da mu yi doguwar tafiya a ƙafa ni da shi. A hanyar nan ya faɗa mini abubuwan da bai taɓa faɗa mini ta waya ba, irin kaɗaicin da ya sha a shekararsa ta farko. Ina ganin 'yarka ma ba gona kaɗai take so ta nuna maka ba.

Manomin Inabi, Hunkuyi

Ranka ya daɗe Malam, mu ɗalibanku ne a wannan harka. Mu nan Kudan inabin ci muke nomawa, a kan rumfa, kuma mun san wahalarsa a fili ma, balle a jikin dutse. Don Allah in ka je ka duba mana yadda suke ɗaure reshe da yadda suke aske shi. Na ji an ce a tsofaffin gonakinsu kowace kurangar da turkenta, a lanƙwasa rassa biyu a ɗaure. Nasu yana barci da sanyi, namu ba ya samun wannan hutun sai mun tilasta masa da aski, to ina so in san ido nawa suke bari a reshe. Ka ɗauko hoto kusa-kusa. Irin nasu ba zai yi mana kasuwa ba, ƙanana ne masu ƙwallo, amma hannun manomi duk inda yake akwai abin koyo a wurinsa.

Tsohon Malamin Gona, Unguwar Rimi

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, har da ta Abu Ammar, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ɗana Abu Ammar, ba ka ɓata mini rai ba, kuma maganarka ta masauki ta yi tasiri. Na kira 'yata na ce ba na son kwana a gidan masu matsa. Ta ce to ai sai mu kwana a ɗakinta a Koblenz, tunda jirgi bai kai awa guda ba zuwa Cochem, mu riƙa fita da safe muna dawowa, ita ce ma za ta riƙa yi mana girki. Wannan ya kwantar wa Hajiya da rai fiye da komai. Sharaɗinta ɗaya, duk abin da zan kai baki sai yarinyar ta karanta kwalbar da idonta.

Hajiya ta Barnawa, maganarki ta ƙarshe ta sa na yi shiru na daɗe. Yarinyar nan ita ce ke bina gona tun tana aji uku, tana riƙe mini littafin da nake rubuta awo. Da ta ce kwana huɗu a ƙafa, ni lissafin kilomita na tsaya yi.

Mun tsara haka: rana ta farko Winningen, kusa da gida, in gwada gwiwar a cikin katangun dutsen. Ta biyu Burg Eltz. Ta uku Cochem zuwa Beilstein ta bakin ruwa. Ta huɗu Bremm, daga ƙasa, ba tsani, na yi wa Ɗalibi alkawari. In da sauran ƙarfi mu shiga jirgi zuwa Tiriya in ga baƙar ƙofar nan da Rumawa suka gina, mu kuma gaisa da kai ɗana, in karatu ya bar ka. Malam na Kawo, hannuna zai zauna a kan sanda. Mutumin Hunkuyi, zan ƙirga maka idon reshe, amma ka sani askin nasu sai cikin sanyi, abin da zan tarar shi ne na bara.

Jiya na je Kasuwar Barci na samo takalmi mai haƙora da rigar ruwa a wajen 'yan gwanjo, na fara sa takalmin tun yanzu don ya saba da ƙafa. Na kuma ƙara hawa bene a kan zagayen asuba, hawa uku, sau biyu, a hankali. Saura tambaya ɗaya. Hajiya ta riga ta cire kilishin, amma ta ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawa, ta ce 'yarta ta yi shekara uku ba ta sha miyar gida ta ainihi ba. Ɗalibi, su waɗannan ana barin su wuce, ko daddawar ma sai na cire?